Sunan da Na Kira a Bakin Teku

Tun da na dawo daga Sinigal ban samu na ɗaura zane da kyau ba sai an yi sallama. Wannan ta ce in ba ta labarin teku, waccan ta ce wai da gaske ne can har da safe kifi ake ci. Ran kasuwa kuwa, maimakon a sayi cukuna, sai a tsaya mani a ka ana tambaya. To yau zan zazzage maku shi gaba ɗaya, tun daga tashar Dakoro har komowa. Wadda ta ƙara tambayata bayan wannan, sai ta sayi cuku tukuna.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yaron nan ne, na farin. Kun san ba ni faɗin sunanshi, kuma ba a kanku zan fara ba. In ta kama dole Likita nake cewa, tun da ya zama likitan bisashe. Ana yaye shi gwaggonshi ta ɗauke shi zuwa Bader Gula, can ya girma, can ya shiga lakwal, makarantar boko. Ban taɓa goya shi gaban mutane ba, ban taɓa kiran shi ba, in ya shigo gida sai in sami abin da zan duba cikin tukunya. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka na tarar ana yi.

Karatu ya kai shi Dakar. Ya gama karatu ya ƙara da aiki, ya gama kama aiki ya ƙara da mata. Sunanta Awa, ɗiyar masunta ce a wani garin bakin teku da ake kira Mbur. Wani malami Bahaushe ya tsaya mashi waliyyi, mu nan labari kawai muka ji, har Allah ya ba su ɗa namiji. Ana nan sai aiki ya fito mashi a gida, nan Dakoro. Uwar Awa, wadda suke kira Yaye Kumba, ta ce sam, ɗiyarta ba ta zuwa ƙasar da ba ta taɓa ganin ko mutum ɗaya na dangin mijin ba, sai uwar miji ta zo sun ga juna. Shi kuma ya gaya ma ƙanena Idi a waya cewa in ba a ba shi matarshi da ɗanshi ba, to zaman can ya kama shi ke nan.

Da Idi ya kawo mani maganar na ce ya zauna mana, ina ruwana. Ranar ban ci tuwo ba. Kashegari na fara shanya cuku.

Babansu ya riga mu gidan gaskiya, don haka Idi ne ɗan rakiya. Shi Idi ya taɓa yin karen mota zuwa Abijan zamanin samartaka, kuma tun daga nan ya yanke ma kanshi cewa babu harshen da bai iya ba a duniya. Ya ce in kwantar da hankalina, magana tashi ce. Na yarda, ban da wani zaɓi.

Daga nan zuwa Yamai babu abin faɗi, kun san hanyar. Daga Yamai muka hau kar, babbar motar fasinja, muka ratsa Burkina, muka ratsa Mali. Abin da na riƙe na waɗannan ƙasashe shi ne bayan kujerar gabana da ƙeyar wani Bazabarme mai minshari. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk inda aka tsaya salla in sauka da ƙyar, in hau da ƙyar, Idi na gefe yana yi ma mutane bayanin hanyar da bai taɓa bi ba.

A iyakar Mali da Sinigal, bakin wata gada, aka sauke mu da kayanmu. Ɗan duwan, mai binciken kaya a iyaka, ya buɗe kwandona ya zaro cuku guda. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ɗaga shi wajen rana. Idi ya gyara hula ya shiga bayani da Faransanci, har da nuni da hannu. Ban san abin da ya ce ba, na dai ga bawan Allah ya duƙa yana gwada cukun a tafin takalminshi. Nan haƙurina ya ƙare. Na fisge abina, na karya, na jefa a baki, na miƙa mashi sauran. Ya daɗe yana tauna yana kallona, sannan ya kira abokin aikinshi, shi ma ya tauna. Aka kawo shayi. Da muka tashi na bar masu ƴan guntaye, suka ɗaukar mani kwando har bakin mota. Idi ya ce ai bayaninshi ne ya yi aiki.

Kusa da Tambakunda motar ta yi tari ta mutu. Aka ce sai gobe. Ina tunanin inda zan shimfiɗa tabarma a bakin titi, sai ga mutanen ƙauyen sun fito suna rabon baƙi kamar an aiko su, kowane gida ya ja nashi. Mu muka faɗa gidan liman, Fulani ne. Na ce masu jam, suka ce jam, muka yi ta dariya. Fulatancina na kasuwa ne, iyakarshi nono da mai da “rage mani”, amma ya ishe mu hira. Matar liman ta dubi ƙafafuna ta girgiza kai, ta ɗora ruwan zafi ta gasa mani su da hannunta, ni da ba ta san daga inda na fito ba. Da aka kira salla tsofaffin matan suka ja ni masallaci, suna da wurinsu a baya, kowace salla suna zuwa, ba sai Juma'a ba. Idi kuwa agogonshi na kan lokacin Dakoro, ya yi ta gunaguni wai mutanen nan suna jinkirta magariba. Liman ya nuna mashi rana da carbi.

A gidan ne na fara gamuwa da gaisuwarsu. Su can kowa yana da sunan zuriya, kuma in za a gaishe ka sai a yi ta nanata shi, kai ma kana nanata na mai gaishe ka, kamar ana jifa da shi. Suka tambayi namu. Ni ina na ga sunan zuriya? Idi ya yi farat ya ce Dakoro. Shi ke nan, daga ranar har na bar ƙasar, duk wanda ya riƙe hannuna sai ya ce, “Dakoro, Dakoro, Dakoro!” Ni kuwa sai in ji kamar ƴan kamasho ne a tashar Maraɗi, saura kaɗan in ce saura mutum nawa mota ta cika.

Muka yada zango a Kaulaha. Wannan gari in kin rufe ido kin ce Kano kike ko Damagaram, Hausa ko'ina, zikiri na tashi daga masallatai ba safe ba rana. Kowace mota da hoton shehinta a gilashi, kowace butik haka, har mai gyaran takalmi ya rataya nashi. Mun sauka wajen wata ƴar Tasawa, Mariyama, wadda ta je ziyara shekarun baya ta ga wuri ta zauna tana tuyar waina. Da safe ta ba ni kofi da burodi. Na kurɓa na ji kimba ta kama mani maƙogwaro. Na ce ke, ni mai jego ce da za ki ba ni kimba? Ta ce haka suke shan shi, tun daga yaro har shehi. Na shanye don kunya, kuma in gaya maku gaskiya na ƙara.

Mariyama ce ta ja ni gefe da ta ji abin da ya kawo ni. Ta ce, “Yaya, ki yi hankali. Mutanen nan Musulmi ne na ƙwarai, amma irin kunyarmu ba su san ta ba. Nan uwa rungume ɗanta take yi gaban kowa, ta yi mashi kirari.” Na ce to su ta shafa, ni ba a Kaulaha aka yanke mani cibi ba. Ta dube ni ta ci gaba da juya wainarta.

Mun isa Mbur da hantsi. Tun ba mu sauka ba warin kifi ya tarbe mu. A ƙofar gidan an taru kamar ranar suna, mata da manyan ɗankwalaye, har da mai ganga. Ina sa ƙafa ƙasa na hango Likita. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, ya zama babanshi sak. Murna ta kama ni. Ya taho da sauri hannuwa a buɗe, ashe zaman can ya koya mashi halinsu. Ni kuwa na kauda kai na dubi bango, na ce an kwana lafiya, ya aiki. Ya tsaya cak, ya tuna, ya durƙusa nesa ya gaishe ni yadda ya kamata. Gangar ta yi shiru. Ni a raina na ce madalla, sun ga ɗiyar mutunci.

Yaye Kumba mace ce doguwa, kakkaura, muryarta ta fi ta mai shela. Ta rungume ni har sai da na ji ƙashin bayana ya amsa, ta yi ta “Dakoro, Dakoro”, na yi ta amin. Aka kawo abinci cikin wani kwano da za a iya yi ma yaro wanka a ciki, jar shinkafa da kifi da kabewa da rogo. Sai na ga kowa ya matso, maza da mata, baban Awa da gemunshi fari fat, ita Awa, har da Likita, daidai gabana. Suruki da suruka hannu cikin kwano ɗaya! Yaye Kumba tana tsakiya tana ɓare kifi tana turo mani gabana, tsoka bayan tsoka. Ni yaya zan buɗe baki in tauna gaban surukai, gaban ɗan fari? Na yi loma biyu fuskata a karkace na ce alhamdu lillahi. Kifin ya taru gabana tsibi guda. Na shiga ɗaki na ci cuku kamar ɓarauniya, yunwa kamar ta kashe ni.

Da la'asar Awa ta kawo mani jaririn. Yarinya ce mai sanyin hali, ta durƙusa ta ce, “Inna, ga jikanki,” da Hausa tsaf. Na karɓe shi, yaro sumul da kumatu, wallahi ji na yi kamar in haɗiye shi. Sai na yi mashi abin da kowace kaka take yi. Na ce wannan ne mijin nawa da aka sa na ratso ƙasa uku dominshi? Wannan mai kai kamar tulu, hanci kamar an taka? Ku mayar da abinku, ba ni so, ko goro bai iya saya mani. Idi na ta dariya. Ashe baiwar Allah ta yi wata da watanni tana koyon Hausa saboda zuwana, kuma ta ji kowace kalma, wasan ne kawai ba a koya mata ba. Ta karɓi ɗanta a hankali ta shige ɗaki. Uwarta ta bi ta.

Daga nan gidan ya canza. Ana gaishe ni, ana kawo mani ruwa, amma “Dakoro” ɗin ta koma sau ɗaya. Ni ban gane ba, har ina yaba kaina. Sai bayan ƴan kwanaki Yaye Kumba ta tara mu a tsakar gida, ta yi magana mai tsawo tana buga cinya. Likita ne ya fassara, kanshi a sunkuye, yana fuskantar Idi don ba ya iya fuskantata.

Ya ce, “Kawu, ta ce matar da ba ta duban ɗan da ta haifa, ta ƙi abincinta, ta kushe jikanta, ba ita za ta danƙa ma ɗiyarta a tafi da ita bayan duniya ba.”

Idi ya miƙe ya yi Faransanci har ya yi gumi, babu wanda ya gane. Likita ya yi nashi bayanin da harshensu, ya ce al'ada ce, kunya ce, a wurinmu wanda aka fi so shi ake kauda ma kai. Yaye Kumba ta ce kowane ɗan kirki zai rufa ma uwarshi asiri, ba ta ga laifinshi ba. Sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido ta faɗi wata gajeruwar magana. Wannan karon Awa ce ta fassara, murya ƙasa ƙasa.

“Ta ce in kina son shi, ki kira sunanshi ta ji.”

Na buɗe baki. Allah shi ne shaidata na buɗe. Sunan ya taso tun daga ciki ya zo nan maƙogwaro ya tsaya. Ga shi zaune gabana, ga mutane sun zuba ido. Na rufe bakina, na gyara mayafi. Yaye Kumba ta tashi ta kakkaɓe zane ta shiga madafa.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ga yaron nan ya tsufa a bakin ruwan wasu, na ga na mutu a Dakoro wani ya gaya mashi a waya. Kuma ni na jawo, da ƙafata na zo na ɓata. A bayan gidan akwai wani rago na baban Awa, ƙato, fari, wanda suke ji da shi fiye da yadda muke ji da amarya: ɗakinshi daban, da labule, ana ba shi burodi, ana shafa mashi mai a ƙaho. Mu da muke da bisashe har Azagor ba mu taɓa yi ma rago labule ba. To wajen ragon nan na riƙa zuwa ina gwadawa, in ce bari in faɗa mashi sunan ko bakina ya saba. Ko shi na kasa gaya mawa. Yana tuƙa yana kallona.

Idi ya ce zama ba shi da amfani, mu kama hanya ran Litinin. Ran Lahadi da safe na ce a kai ni in ga tekun nan, kada in koma a tambaye ni in yi ƙarya. Ashe ranar ce suke kai raguna wanka. Ku ji fa, wanka, a teku, da sabulu da soso! Bakin ruwan cike da raguna da masu su. Gidan duka aka fito, Likita ne ke jan ragon surukinshi, ya naɗe wando.

Ni ruwan da na sani tabki ne, sai kogin Yamai da na gani ta gilashin mota. Wannan kuwa ba shi da ƙarshe, kuma ba ya zama wuri ɗaya, ya ja baya ya taho da gudu yana ruri. Na tsaya nesa na riƙe mayafi. Ina kallo Likita ya shiga da ragon, yana cuɗa shi. Sai ga wani ruwa ya taso ya fi tsawon mutum. Ragon ya firgita ya fisge, igiya ta harɗe ma Likita ƙafa, ruwan ya rufto. Na ga rago, ban ga yaro ba.

Ban san lokacin da na yi ba. Ji kawai na yi sunan yana fita daga bakina, cikakke, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na kira na sake kira. Na yar da takalmi na afka ruwan da zanena da komai. Wani ruwan ya maka ni ƙasa, na sha gishiri, na tashi na damƙo abin da hannuna ya samu ina ja ina kiran sunan. Da na buɗe ido, ƙahon ragon ne a hannuna. Shi kuwa yana tsaye gefena, ruwan iyakarshi gwiwa, ya saki baki yana kallona.

Bakin tekun nan kaf aka kwashe da dariya, har masu raguna na nesa. Idi ya faɗi kan rairayi yana riƙe ciki, ban yafe mashi ba har yau. Na fito ina ɗiga, ɗankwali ya tafi Makka ta ruwa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaye Kumba ta yi dariya har ta zauna. Sannan ta tashi, ta cire babban mayafinta ta lulluɓe ni tun daga ka, ta riƙe ni gam. Ta faɗi wani abu a kunnena. Awa na share hawaye tana dariya ta ce, “Inna, ta ce ta ji. Ta ce har mutanen Dakar sun ji.”

Ranar na ci kifi gaban kowa, na cinye tsibina na jawo na Idi. Na zaunar da Awa na koya mata yadda ake rama ma yaro in kakarshi ta kushe shi, ta ce mani in dai haka ne wannan ƙaramin mijin nawa ya fi ƙarfina, in nemi wani. Na ce yauwa, kin iso Dakoro. Yaye Kumba ta tauna cuku ta ce ƙatako ne, amma ta ɓoye sauran a ɗakinta. Ta ce bayan damina su Awa su taho, ita ma tana nan tafe ta ga garin da ake son mutum a juya mashi baya. Ɗakin da kuka ga ana yi ma shafe a gidana, nasu ne.

Ran tafiya Likita ne ya kai mu tasha. Ya ɗora kaya, ya yi sallama da kawunshi, sannan ya zagayo ta tagar da nake. Na dubi bayan kujerar gabana. Ya daɗe tsaye, sai na ji ya ce a hankali, “Inna, ashe kin san sunan.”

Na juya wajen Idi na ce, “Gaya mashi ni na zaɓe shi. Babanshi wani suna ya so, ni na aiki gwaggonshi tun kafin ranar suna ta ce mashi wannan nake so.”

Idi bai gaya mashi komai ba, ai yana ji. Mota ta tashi. Ban waiwaya ba. Idi ne ya ce yana nan tsaye yana goge fuska da hularshi har muka sha kwana. Ni ban gani ba. Mayafina kuma da ya kai har Kaulaha a jiƙe, ruwan teku ne bai gama bushewa ba, kada wadda ta ce mani wani abu.